Fada Bosko da Yaran da Ba Su da Wurin Zuwa Ran Lahadi

Yau za mu koma baya sama da shekara 180, mu tafi ƙasar Italiya, wani birni da ake kira Turin, domin mu ji labarin wani fada da waɗansu yara da kowa ya gaji da su. Sunansa Yohanna Bosko. Mutanen ƙasarsa suna ce da shi Don Bosko, gama haka suke kiran fada a can. Aikin da aka san shi da shi ya fara ne da wasa ran Lahadi, kyauta, ga duk yaron da ya ga dama ya zo. Wasan nan kuwa sai da ya sa aka tashe shi daga wuri biyar, aka sa masa 'yan sanda, har waɗansu abokan aikinsa suka yi shawara su kai shi gidan mahaukata.

A shekarar 1841 Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna. Turin ita ce babban birnin mulkin Sardiniya, sarkinta kuwa Karlo Alberto. Mutanen birnin sun haura dubu ɗari, kullum ƙaruwa suke yi, ana ta gine-gine. Saboda haka yara maza suka riƙa gangarowa daga ƙauyuka da kan duwatsu neman aiki, irin abin da mu muke kira ci-rani, sai dai su lokacin ɗari suke komawa gida, gama ba a gini cikin ƙanƙara. Waɗansu yaran birkila ne masu ɗaukar kwaɓi da tubali, waɗansu masu sassaƙar dutse, waɗansu kuma ƙanana ƙwarai ana tura su cikin bututun hayaƙi su share. Da sassafe sukan taru a kasuwar Porta Palazzo su tsaya, masu aiki su zo su zaɓa. Kwana shida ke nan. Ran Lahadi ba aiki, ba gida, ba dangi. Tufafinsu duk farar ƙasa da ƙura, harshensu ma ba irin na mutanen birni ba ne, don haka ba sa shiga majami'a inda 'ya'yan gari suke zaune da tsabtarsu. Sai su yini a bakin kogi suna caca, suna faɗa, waɗansu su shiga ƙungiyoyin 'yan daba.

Shi Bosko ya san irin wannan zama tun daga gida. An haife shi ran 16 ga Agusta 1815 a wani ɗan ƙauye mai suna Becchi. Yana da shekara biyu mahaifinsa ya rasu, ya bar uwarsa Margarita da yara uku. Wansa Antoniyo, wanda suke uba ɗaya, bai ga amfanin karatu ga ɗan manomi ba, rigima ta yi yawa har uwar ta tura Yohanna ƙodago a gonar waɗansu mutane yana ɗan shekara goma sha biyu. Amma akwai wani abu da ya koya tun kafin haka. Ranar kasuwa yakan tsaya ya zuba ido ga masu dabo da masu tafiya a kan igiya, ya koma gida ya yi ta gwadawa, yana faɗuwa yana tashi, har ya iya. Sa'an nan ya ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu ya tara yaran ƙauye. Ba ya karɓar ko anini. Kuɗin kallo shi ne a yi addu'a tare, a kuma saurari wa'azin da ya ji da safe, gama yana da ƙwaƙwalwa. Da ya sami shiga makaranta a garin Chieri, ya biya wa kansa da ɗinki, da ƙira, da aiki a ɗakin shan gahawa. Duk waɗannan sun yi masa rana daga baya.

An naɗa shi fada ran 5 ga Yuni 1841. Malaminsa a Turin, Fada Yusufu Kafaso, mutum ne mai zuwa gidajen yari, shi ne yake raka waɗanda za a rataye har bakin igiya. Ya tafi da Bosko. Abin da saurayin fadan ya gani bai bar zuciyarsa ba har tsufansa: yara daga shekara 12 zuwa 18, masu lafiya, masu kaifin hankali, suna zaune ba aikin komai, kwarkwata tana cin su. Abin da ya fi damunsa shi ne, da yawa cikinsu sukan fita da niyyar shiryuwa, ba da jimawa ba a komo da su, domin a waje ba wanda ya san da su. Sai ya yi tunani, da a ce yaran nan suna da aboki guda a waje, wanda zai tambayi lafiyarsu ya kuma tara su ranar da ba aiki, watakila da ba su komo ba.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda abin ya fara. Ran 8 ga Disamba 1841 yana shirin sujada a majami'ar Faransis na Assisi, sai ya ji hayaniya. Mai kula da ɗakin kayan sujada ya ga wani yaro a raɓe, ya ce ya zo ya taimaki fada a bagade. Yaron ya ce bai iya ba. Mutumin ya ɗauki sandar kakkaɓe ƙura ya bi shi da dūka. Bosko ya tsawata masa, ya ce ya je ya komo da yaron, gama abokinsa ne. Sunan yaron Bartolomeyo Garelli, ɗan shekara 16, yaron birkila daga Asti, ba uwa ba uba. Bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, ba ya zuwa ajin katikisma domin yana jin kunyar ƙananan yara su yi masa dariya. Almajiran Bosko sun riƙa ƙarawa da cewa, da fadan ya ga kowace tambaya amsarta a'a ce, sai ya tambaye shi ko ya iya fito. Yaron ya yi dariya. Mu dai muna ganin a nan dabarar take. Ya yi ta nema har ya sami abu ɗaya da yaron zai ce i, ya iya.

Lahadin da ta biyo yaron ya komo da waɗansu. Kafin shekara ta zagayo sun yi yawa. Ana kiran irin wannan taro Oratoriyo, watau ɗakin addu'a, suna ne da aka gāda daga Filibus Neri na Roma tun ƙarni na 16. Ba Bosko ne ya fara shi a Turin ba ma, gama wani Fada Cocchi ya buɗe nasa a 1840. Abin da Bosko ya ƙara shi ne, bai tsaya ga Lahadi kaɗai ba. A tsakiyar mako yakan bi su wuraren gini da shaguna, ya hau tsani da rigarsa ta fada, ya gaishe su da sunansu, ya yi hira da masu gidansu. Wanda ya rasa aiki ya nema masa. Ku tuna fa, yaron da aka saba kira da "kai" ko da zagi, yau ga babban mutum ya zo takanas dominsa a gaban kowa.

A 1844 aka ba shi aikin limanci a gidajen da wata attajira mai suna Barolo ta gina domin mata da 'yan mata marasa galihu. Ta ara masa ɗakuna biyu, yaran suka bi shi can, aka sa wa taron sunan Faransis na Sales, wani bishop da aka sani da tawali'u. Amma ɗakunan na asibitin 'yan mata ne da ake shirin buɗewa, dole su tashi. Daga nan yawo ya fara. Cikin Mayu 1845 suka gwada wani ɗakin sujada a maƙabartar San Pietro, Lahadi ɗaya tak suka yi, gama mai aikin gidan fadan wurin ta ce sun firgita mata kaji, ta fito tana zagi. Hukumar gari ta ba su wani ɗakin sujada kusa da ma'aikatar niƙa ta bakin kogin Dora. Ranar ƙaura, abokin aikinsa Fada Borel ya ga yaran sun yi jugum, sai ya yi musu wa'azi a kan kabeji, ya ce kabeji ba ya yin kai mai kyau sai an cire shi an dasa. Yara suka yi dariya suka ɗauki bencinsu. Can ma maƙwabta suka kai ƙara saboda surutu. Lokacin ɗari ya kama hayar ɗakuna uku a gidan wani Fada Moretta, a nan ya soma koya musu karatu da dare, sauran 'yan haya suka ce ko su ko yaran. Cikin Maris 1846 ba abin da ya rage sai wani fili na ciyawa na 'yan'uwa Filippi, ba rufi ba ƙofa. Yara wajen ɗari uku zuwa ɗari huɗu suna taruwa a can. Tsohuwar ganga ce take kiran su, begila kuma ta sa su yi shiru.

Waɗanda suka ƙi abin nan ba mugayen mutane ba ne, wannan kuwa shi ya sa labarin yake da nauyi. Fadan-fadan birni suka ce yana raba yara da majami'un unguwanninsu. Ya amsa musu cewa yawancin yaran baƙi ne, ba su ma san wace unguwa suke ba, ba kuwa za su zauna aji ɗaya da 'yan shekara takwas ba. Shugaban hukumar gari, Michele Cavour, mahaifin wanda ya zama firayim minista na farko na haɗaɗɗiyar Italiya a 1861, ya kira shi ya ce ya watsa taron, gama lokacin tarzoma ne, ɗaruruwan matasa masu bin umarnin mutum ɗaya kuwa abin tsoro ne. Aka riƙa aiko da 'yan sanda su tsaya su yi kallo. Uwargida Barolo ta ga yana ramewa yana tari, ta ce ya zaɓa, ko aikinta da albashinsa, ko yaran titi. Ya ce mata ita tana da kuɗin da za ta sami wani fada, yaran kuwa ba su da kowa. Ta sallame shi. Ba mu ga laifinta ƙwarai ba, gama gaskiya ta faɗa a kan lafiyarsa, kamar yadda za mu gani.

A kwanakin nan yakan yi maganar majami'a, da makarantu, da farfajiya cike da yara, kamar yana ganinsu da ido, alhali ko rumfa ba shi da ita. Sai aka ce ya taɓu. Ya ba da labari cewa fada biyu suka zo da keken doki suka ce ya zo a sha iska. Ya gane. Ya ce su fara shiga, gama sun girme shi. Da suka shiga ya rufe ƙofa ya ce wa mai keken ya yi maza zuwa gidan mahaukata, ana jiransu.

Masu filin ma suka ba shi wa'adi, suka ce yaran sun tattake ciyawar har saiwa. Ran 5 ga Afrilu 1846, Lahadin Dabino, ita ce rana ta ƙarshe. Yara suna ta wasa ba su sani ba, shi kuwa ya koma gefe yana kuka, domin ba shi da wurin da zai ce musu su zo mako mai zuwa. A ranar ce wani mutum mai i'ina ya zo ya ce akwai rumfa ta haya a gidan wani Pinardi, a unguwar Valdocco. Rumfar ƙasa-ƙasa ce, sai da aka haƙe daɓen kafin babban mutum ya iya tsayawa a ciki. Aka shirya a kan lira 320 a shekara, har da ɗan filin da yake gefe. Ran Ista, 12 ga Afrilu, suka shiga. Ba a sāke korar su ba.

Wata uku bayan haka ya fāɗi, ciwon huhu ya kai shi bakin kabari. Yaran birkila suka riƙa azumi suna aikin yini, waɗansu suna kwana a ƙofar majami'a suna roƙon Allah. Da ya tashi ya ce musu ransa nasu ne daga yanzu. Ya tafi ƙauye ya huta, ya komo ran 3 ga Nuwamba tare da uwarsa, a ƙafa, gama ba kuɗin mota irin ta lokacin. Margarita tana da shekara 58, ba ta iya karatu ba, ta bar jikokinta da 'yar gonarta. Ta sayar da zobenta na aure domin kuɗin haya. Yaran suka sa mata Mama Margarita, ta yi shekara goma tana dafa musu miya, tana yi musu faci da dare sa'ad da suke barci, domin da yawa riga ɗaya gare su.

Bari mu dubi yadda Lahadi take a Valdocco. Ƙofa a buɗe take tun safe. Ba kuɗin shiga, ba a tambayar takarda, ba a duban tufa. Akan yi sujada gajeriya, a ba da labari daga Littafi Mai Tsarki da harshen da yaran suke ji, sa'an nan a fita fili. Akwai tsere, da tsalle, da jifan ƙwallon katako, da tafiya a kan dogayen sanduna, da wani wasan kora na ƙungiya biyu da suke so ƙwarai. Fadan ba ya tsayawa gefe yana kallo. Yakan naɗe rigarsa ya shiga tsere, sau da yawa shi yake ci. Yana cikin gudu zai matso kusa da wani yaro ya raɗa masa magana ɗaya a kunne, ko ta gargaɗi ko ta ƙarfafawa, ya wuce, ba wanda ya ji. Ya hana dūka, ya hana a kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa, a zamanin da bulala ita ce malami a ko'ina. Ra'ayinsa shi ne a bar yara su yi gudu da ihu iyakar son ransu, muddin ba mugunta a ciki, babba kuwa ya kasance a tsakiyarsu tun kafin laifi ya auku.

Waɗansu ranaku akan fita yawo gaba ɗaya zuwa dutsen Superga ko wani ƙauye na kusa, da ganga da waƙa, a ci burodi da 'ya'yan itace a can. Daga baya, lokacin kaka, yakan kwashi yara su yi kwanaki suna zaga ƙauyuka a ƙafa, su kwana a ɗakin ciyawa, da yamma su yi wasan kwaikwayo a dandali. A 1855 aka kafa 'yan badujala. Ku yi tunanin yaron da aka saba kora daga bakin shago, ga shi yana shiga gari da ƙaho a baki, mutane suna fitowa suna tāfi. A 1849, da ƙasar take shirin barin tsofaffin ma'aunai ta koma mita da lita da kilo, Bosko ya rubuta ɗan littafi a kan haka, ya kuma mai da darasin wasan kwaikwayo. Yaran suka yi shi a gaban manyan gari. Waɗanda aka ce jahilai ne su suka koya wa masu takalma sabon awo.

Yana kuma da wata hanya ta nuna wa yaro cewa an amince da shi. Wata rana ya shiga shagon wanzami, ya ga ɗan ƙaramin yaro mai shafa sabulu, ya ce shi zai yi masa aski. Maigidan ya ce yaron bai taɓa riƙe aska a fuskar mutum ba. Bosko ya ce ai dole ya fara da wani. Ya zauna ya sha yanka, ya biya, ya gayyaci yaron Oratoriyo. Sunansa Karlo Gastini. Da uwarsa ta rasu aka fitar da shi daga ɗakin haya, Bosko ya tsince shi yana kuka a hanya ya kai shi gida. Za mu komo kansa. Haka kuma manyan yara yakan ba su ƙanana su koya musu, ko ya ba wani riƙon ƙofa, wani kayan wasa, wani ganga. Kowa da abin da idan bai zo ba za a ji rashinsa.

Kada a ɗauka kome ya tafi sumul. Yaran farko da ya ba wurin kwana a ɗakin ciyawa, da gari ya waye sun gudu da barguna. Cikin Mayu 1847, ana ruwa da dare, wani maraya daga kwarin Valsesia ya ƙwanƙwasa. Mama Margarita ta shimfiɗa masa a ɗakin girki, ta yi masa 'yar nasiha kafin ya kwanta, amma ta kulle ƙofa. Wannan ya zauna, waɗansu suka biyo, 'yar nasihar nan ta dare kuwa ta zama al'ada a gidajen Bosko har wa yau. Wata rana kuma wani tsohon soja da yake koya musu fareti da bindigogin katako ya raba su biyu a yi yaƙin wasa, masu gudu suka faɗa lambun Mama suka tattake shi sarai. Ta zo ta ce wa ɗanta ta gaji, za ta koma ƙauye. Bai ce komai ba, ya nuna mata gicciyen da yake bango. Ta koma ta ɗauki allurarta. Ta rasu a gidan ran 25 ga Nuwamba 1856.

Wasa ya jawo su, amma Litinin tana nan tana jira. Don haka ya shiga tsakanin yaran da iyayen gidansu da takarda. Akwai wata yarjejeniya da aka ajiye, ta ran 8 ga Fabrairu 1852, tsakanin wani kafinta da yaronsa, da sa hannun Bosko. An rubuta cewa sana'ar kaɗai za a sa yaron, ba aikace-aikacen gida ba, za a gyara masa kuskure da baki ba da hannu ba, za a ba shi hutun Lahadi da ranakun idi, a kuma riƙa ƙara masa lada. Tun 1850 yaran suna da asusun taimakon juna, kowa ya sa ɗan abu ran Lahadi, wanda ya kwanta ciwo a ba shi. Daga 1853 ya buɗe ɗakunan koyon sana'a a gida, ɗinkin takalma da na tufa da fari, shi ne malamin farko, sa'an nan ɗaurin littattafai, kafinta, maɗaba'a da ƙira.

Birnin ya ga amfanin yaran nan a 1854, sa'ad da kwalara ta shigo Turin ta kashe sama da mutum dubu. Unguwar da ta fi shan wuya ita ce ta kusa da Valdocco. Mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu, hukuma tana neman masu jinya ba ta samu. Bosko ya tambayi manyan yaransa. Goma sha huɗu suka fito, daga baya wajen talatin suka ƙaru. Suka shiga gidaje, suka ɗauki marasa lafiya zuwa wuraren jinya, Mama Margarita ta ba da zannuwan gida har da mayafin bagade. Ko ɗaya cikinsu kwalara ba ta kashe ba. Shekara takwas ke nan da aka nemi a watsa su domin tsaron gari.

A kakar 1857 yana jiran jirgin ƙasa a tashar Carmagnola cikin hazo, ya ji muryar wani yaro tana ba sauran umarni. Ya shiga tsakiyarsu, duka suka watse sai shi. Sunansa Michele Magone, maraya ta wajen uba, an kore shi daga makaranta, abokansa na ce da shi janar. Bosko ya kai shi Valdocco, bai ce ya daina zama janar ba. Watan farko yaron wasa kawai yake yi, kararrawar aji kamar hukunci ce a gare shi. Aka ƙyale shi, aka haɗa shi da aboki guda. Da kansa ya zo daga baya ya ce zuciyarsa ba ta da kwanciya. Bai yi tsawon rai ba, ya rasu cikin Janairu 1859.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa domin gaskiya. Duk wannan na yara maza ne. 'Yan mata sai da Mariya Mazzarello ta fara tara su a ƙauyen Mornese, tana koya musu ɗinki tana wasa da su ran Lahadi, aka kafa ƙungiyar mata a 1872. Bosko kuma ɗan zamaninsa ne a gardamar ɗariku, ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan Kiristocin Waldensiya, waɗanda sai a 1848 aka ba su 'yancin 'yan ƙasa. Abu na uku, shi da kansa ya gan shi. Bayan ya kafa ƙungiyar Salesiyawa ran 18 ga Disamba 1859, aikin ya yi girma, Valdocco ta cika da ɗaruruwan 'yan makarantar kwana, doka ta yi yawa. Ran 10 ga Mayu 1884 wasiƙa ta zo daga Roma da sa hannunsa, yana tsoho ba ya gani sosai. Ya ce farfajiyar yanzu ba irin ta dā ba ce. Yara suna tsaye rukuni-rukuni suna ƙus-ƙus, malamai suna can gefe suna hira da juna, ko suna leƙe daga taga. Ya ce ana ƙaunar yaran, ana wahala dominsu, amma su ba su sani ba, ba kuwa za su sani ba sai babba ya so abin da suke so, ya sauko fili. Abin mamaki, ƙofar da 'yan sanda ba su iya rufewa ba, nasara ta kusa rufe ta.

Yaran rumfar Pinardi fa? Michele Rua, wanda ya fara zuwa yana ɗan shekara takwas, shi ya gāje shi. Yohanna Cagliero, mai son kiɗa, shi ya ja ayarin farko zuwa Ajantina a 1875, ya zama kadinal a 1915. Karlo Buzzetti, ɗaya daga cikin yaran birkila na farko, ya zama ɗan kwangila, shi ya gina babbar majami'ar Valdocco da aka keɓe ran 9 ga Yuni 1868. Da za a fara ginin, Bosko ya ce bari ya ba shi kafin alƙalami, ya juye jakarsa a tafin hannun Buzzetti, abin da ya faɗo bai kai rabin lira ba, mutumin kuwa ya ci gaba da aiki. Gastini, yaron wanzamin nan, ya zama shugaban ɗakin ɗaurin littattafai. Ran 24 ga Yuni 1870 ya tara waɗansu tsofaffin yaran gidan, magidanta da 'ya'yansu, suka kawo wa Bosko kyautar kofunan shan gahawa. Daga wannan ziyara ƙungiyar tsofaffin ɗalibansa ta samo asali.

Ya rasu ran 31 ga Janairu 1888, yana da shekara 72, Salesiyawa sun haura 700 a lokacin. Ikkilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkaka ran Ista ta 1934. Almajiransa sun iso Nijeriya a 1982, suka fara a Ondo da Akure. A Valdocco, inda rumfar Pinardi take dā akwai ɗan ɗakin sujada mai sunanta, da farfajiya a gabansa, yaran unguwar kuwa, da yawansu 'ya'yan baƙi daga wasu ƙasashe, suna zuwa Oratoriyo su yi ƙwallo.